Ɓoyayyen raunin tiroyid

Ɓoyayyen raunin tiroyid yanayi ne da awon jini ke nuna sinadarin TSH ya hau, alhali T4 yana nan daidai. Tiroyid ƴar halitta ce a gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Da aidin, sinadarin da ake ƙara wa gishiri, take haɗa T4 da T3, sinadaran da ke daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya da ƙarfin mutum. TSH kuwa daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitowa, shi ke tura ta aiki. Idan ta fara kasawa sai ya ƙaru, kamar yadda mai amalanke ke ƙara tsawa in jaki ya gaji.

Ba kowa ne abin ke yi wa nisa ba. Mutane da yawa, in an sake awo bayan wata 2 ko 3, sai a tarar TSH ya sauka da kansa, musamman wanda aka auna yana murmurewa daga wata cuta. Amma a kowace shekara, 2 zuwa 5 cikin 100 na masu wannan yanayi kan kai ga cikakken rauni, wato T4 ma ya faɗi. Haɗarin ya fi ga mata, da wanda TSH ɗinsa ya haura 10 a sakamakon awo, da wanda garkuwar jikinsa ke yaƙar tiroyid ɗin, wato cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912.

A Nijar akwai kuma ƙarancin aidin. Gishirin gargajiya irin kantu ba a ƙara masa aidin, na leda kuma yakan rasa nasa idan ya daɗe a buɗe cikin rana a kasuwa.

Alamomin suna da saurin ruɗarwa. Bushewar fata a ɗora wa hunturu, kasala a ce aikin gida ne, ƙiba a ce hutu. Sai mace ta nemi mayafi mai kauri cikin zafin Afrilu a Tawa, ko al'adarta ta rikice, kafin a yi tunanin asibiti.

Idan TSH ya wuce 10, likitoci kan ba da ƙwayar levotiroksin mai maye gurbin T4, a sha da safe kafin karin kumallo. Ƙasa da haka, yawanci sa ido ake yi da maimaita awo, sai dai mai juna biyu ko mai neman haihuwa, wadda ake gaggauta duba lamarinta, domin a watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi da T4 na uwa ta dogara.