Toshe ɓarakar tsaro a Linux: ga amsa, a daina maimaita tambaya

Ɗaliban Samaru da Kongo da masu shagunan kwamfuta na Sabon Gari, tambayoyinku kusan iri ɗaya ne. Don Allah a karanta wannan kafin a sake tare ni a hanya.

Ba an ce Linux ba ya kamuwa ba?

Wa ya ce? A 2014 kaɗai an gano Heartbleed a OpenSSL da Shellshock a bash. Kowa na iya duba lambobin manhajar, shi ya sa ake saurin gyara. Amma gyaran ba zai shiga kwamfutarka da ƙafarsa ba.

Yaya ake sakawa?

A Ubuntu ko Debian, sudo apt update, sannan sudo apt upgrade. Na farko jerin kaya kawai yake ɗaukowa, na biyu ne ke sakawa. Wanda ya tsaya a na farko bai yi komai ba.

Data ta yi tsada.

Haba malam! Akwai ta kallon bidiyo har tsakar dare, babu ta tsare bayanan mutane? In kwamfutocin suna da yawa a ɗaki ɗaya, saka apt-cacher-ng a guda, ta sauke sau ɗaya, sauran su ɗiba a wurinta.

Sabarmu ce ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Ina tsoron in taɓa ta ta lalace, ga yawan ɗauke wuta. In sabunta ko in bari?

Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ya danganta da inda ɓarakar take. Idan a abin da ke fuskantar intanet ne, kamar OpenSSH ko Apache, ni dai ba zan bari a kwana ba. Idan kuma sai mutum yana da asusu a kan injin kafin ya yi amfani da ita, kamar ta sudo da aka bayyana a Janairun 2021, to duba su waye ke da asusun. In kai kaɗai ne, wataƙila ka iya jiran ƙarshen mako. In ɗalibai ma suna shiga, jira bai kama ka ba.

Kafin komai, kwafe bayanan zuwa wani faifan daban, ka buɗe kwafin ka ga yana aiki. Kada ka fara sai UPS ta cika ko janareta na kunne. In aka ɗauke wuta a tsakiya, kwantar da hankalinka: galibi sudo dpkg --configure -a da sudo apt -f install suna ƙarasa aikin. Na ce galibi, domin in kanel ake sakawa lokacin, injin na iya ƙin tashi, sai ka zaɓi tsohon kanel a GRUB. Kuma ranar da ake duba sakamako ba ranar wannan aiki ba ce, sai in masu kutse sun riga sun fara amfani da ɓarakar. Bayan an gama, in ka ga fayil ɗin /var/run/reboot-required, sake kunna injin, in ba haka ba tsohon kanel ne ke ci gaba da aiki.

Na sabunta, amma lambar sigar ba ta canza ba.

Kada ka damu. Debian da Ubuntu sukan ɗauko gyaran kaɗai su liƙa a tsohuwar sigar, kamar facin taya. Rubuta apt changelog openssl, ka nemi lambar CVE ɗin.

Ai xz ta sabuntawa aka cusa mata ƙofar baya a 2024.

An cusa, a siga 5.6.0 da 5.6.1, kuma Andres Freund ya gano ta a watan Maris kafin ta shiga Debian tsayayye ko Ubuntu LTS. Wannan ba hujjar zama ba ce.

Ina kan Ubuntu 18.04, lafiya lau take aiki.

Tallafinta na shekara 5 ya ƙare tun 2023, na 20.04 ma ya ƙare a 2025. Ko dai ka koma 24.04, ko ka yi rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga kwamfutoci 5 na amfanin kai.