Waiwaye: ramukan ɓuya daga bam ɗin nukiliya, da abin da ya haɗa su da Jos

Wasu 'yan Jos mazauna Ingila sun yi ayari sun je Kelvedon Hatch da ke Essex, suka turo hotuna gida, sai masu shayin Unguwar Rogo suka samu abin tattaunawa. Daga waje ƙaramin gida ne kawai na ƙauye. Amma a ƙarƙashinsa akwai gini hawa uku da ya nutsa kimanin mita 38 cikin ƙasa, wanda aka tanada don mutum 600. An gina shi a 1952 zuwa 1953, gwamnati ta sake shi a 1992, yanzu kuwa sai ka biya kuɗi ka shiga kallo.

Tsoro ne ya haƙa shi. Amurka ta jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945, Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a 1949, daga nan kowa ya shiga neman mafaka. Kanada ta haƙa nata ramin ɓuyan a ƙauyen Carp. Amurka ta ɓoye na 'yan majalisarta a ƙarƙashin otel ɗin Greenbrier, har sai da jaridar Washington Post ta tona asirin a 1992. Abin lura shi ne wa aka yi wa tanadin: ministoci, hafsoshi da ma'aikatan da za su ci gaba da mulki. Talakan Ingila kuwa ɗan littafi aka buga masa, wai ya toshe tagogi ya jera buhunan yashi.

Mu ma yaƙin cacar bakan da aka yi tsakanin Amurka da Sobiyet bai tsallake mu ba, ko da yake matasa kaɗan ne suka san haka. A farkon shekarun 1950 Amurka ta riƙa sayen kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, da tsada tana tarawa, don ƙarfen injin jiragen yaƙi, kuma mafi yawansa daga filayen kuzar Filato ya fito. Wasu kududdufan da ke tsakanin Bukuru da Barikin Ladi ramukan haƙar ma'adinai ne na wancan zamanin.

Sannan Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairun 1960. Hankali ya tashi a nan, don iskar hunturu daga Sahara take busowa, kuma ba mu da ramin shiga. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961, ta hana jiragen ƙasar na sama da na ruwa shigowa Najeriya.