Annoba da ra'ayin jama'a kan sauyin yanayi

Tasirin annoba kan yadda jama'a ke kallon sauyin yanayi fagen bincike ne da ya bunƙasa bayan ɓarkewar cutar korona. An fara gano cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin a Disambar 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ayyana ta annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020. Abin da masana ke son sani shi ne: mutumin da ke fargabar rasa ransa ko abincinsa yau, shin zuciyarsa na da sauran wurin damuwa da ɗumamar duniya da illarta ke tafe a hankali? Akasarin binciken ya nuna annobar ta janye hankalin mutane daga batun, amma ba ta cire musu damuwa da shi ba.

Hasashen da aka yi tun farko

Masaniyar halayyar ɗan'adam Elke Weber ta yaɗa wani ra'ayi a 2006, cewa damuwar mutum tana da iyaka: in wata sabuwar fargaba ta shigo, sai ta ture wata. Abin da ya biyo bayan karayar tattalin arziki ta 2008 ya ƙarfafa wannan ra'ayi, domin da rashin aiki ya yi yawa a Amurka da Turai, masu cewa sun damu da ɗumamar yanayi sun ragu. Saboda haka da korona ta zo, mutane da yawa sun sa ran za a maimaita. Dalilin fargabar a fili yake. A Satumbar 2019 miliyoyin matasa sun fita tituna a zanga-zangar da Greta Thunberg ta Suwidin ta assasa. Watanni shida bayan nan tituna sun zama wayam, zanga-zangar ta koma intanet, aka kuma ɗage taron COP26, babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na birnin Glasgow daga Nuwambar 2020 zuwa Nuwambar 2021.

Abin da ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna

Hasashen bai tabbata ba. A Afrilun 2020, lokacin da dokar kulle ta fi tsanani, kamfanin binciken ra'ayin jama'a na Ipsos ya tambayi mutane a ƙasashe 14, kashi 71 cikin ɗari suka ce in an duba gaba, sauyin yanayi bai gaza korona haɗari ba. A watan dai, binciken jami'o'in Yale da George Mason ya samu kashi 73 na Amurkawa sun yarda duniya na ɗumama, adadin da ya yi daidai da mafi yawan da aka taɓa samu. A Birtaniya, Darrick Evensen da abokan aikinsa sun tambayi mutane a Afrilun 2019, suka sake komawa ga mutanen nan a Yunin 2020, ba su ga damuwarsu ta ragu ba. Irin wannan bincike ya fi nauyi, domin mutum ɗaya ake aunawa kafin annoba da cikinta. Sai kuma ƙuri'ar da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar tare da Jami'ar Oxford a Janairun 2021: mutum miliyan 1.2 a ƙasashe 50, kashi 64 suka ce lamarin na gaggawa ne.

Abin da ya ragu shi ne magana. Nazarin shafin Twitter da na kafofin labarai ya nuna duk lokacin da zancen korona ya hau, na yanayi yakan sauka. Wannan ya sa wasu masana suka gyara ra'ayin Weber: hankali ne ke da iyaka, damuwa kuwa na iya taruwa, har wata ta ƙara wa wata ƙarfi. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin 'yan siyasa sukan bi abin da ake surutu a kai, ba abin da ke kwance a zuciya ba.

Sararin sama ya washe

Gani ya kori ji. Da masana'antu da motoci da jirage suka tsaya, taurarin ɗan'adam sun nuna gurɓatacciyar iska ta ragu sosai a kan Sin da arewacin Italiya. Mazauna Jalandhar a Indiya sun hango tsaunukan Himalaya da hazon hayaƙi ya daɗe yana ɓoye musu. A farkon Afrilun 2020 iskar kabon da duniya ke fitarwa kowace rana ta ragu da kusan kashi 17, kamar yadda Corinne Le Quéré da abokan bincikenta suka ƙiyasta.

Sai dai darasin na da ɗaci. A shekarar gaba ɗaya ragin bai wuce kashi 5 zuwa 6 ba, a 2021 kuma hayaƙin ya dawo. Yawan kabon da ya riga ya taru a sama ma bai sauka ba: ma'aunin tashar auna iska ta Mauna Loa a Hawai ya kai kusan kashi 417 cikin miliyan na iskar sama a Mayun 2020, sama da na 2019. Kamar tafki ne da aka rage ƙarfin ruwan da ke kwarara cikinsa. Yana ci gaba da cika, sai dai a hankali. Ga shi kuwa Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2019 sai an riƙa rage hayaƙin da kashi 7.6 kowace shekara har 2030 kafin a tsayar da ƙarin zafin duniya kan digiri 1.5 da yarjejeniyar Paris kan yanayi ta sa a gaba. Wato zaman gida na biliyoyin mutane bai kai abin da ake bukata a shekara ɗaya ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa kame kai na ɗaiɗaikun mutane bai isa ba, muddin lantarki da masana'antu da jigilar kaya na dogara da kwal da mai da gas.

Gwamnati, kimiyya da amana

A nan ne annobar ta fi barin tabo. Jama'a sun ga gwamnatoci sun fitar da kuɗi masu ɗimbin yawa cikin makonni, abin da aka sha cewa ba zai yiwu a yi don magance sauyin yanayi ba. Tarayyar Turai ta kafa asusun farfaɗowa na Yuro biliyan 750, ta kuma shar'anta a kashe aƙalla kashi 37 na babban ɓangarensa kan yanayi. A ƙuri'ar Ipsos ɗin nan, kashi 65 sun goyi bayan a fifita yanayi wajen farfaɗo da tattalin arziki.

Wasu kuwa darasin da suka ɗauka daban ne. Waɗanda kulle da dokar takunkumi da rigakafi suka ɓata wa rai sun fito da ƙarin shakku ga masana. Daga ƙarshen 2020 aka fara yaɗa jita-jitar cewa za a ƙaƙaba “kullen yanayi”, wato dokar kulle da sunan kare yanayi, kuma tana cikin abubuwan da suka rura zanga-zangar birnin Oxford a Fabrairun 2023 kan tsarin taƙaita zirga-zirgar motoci.

Ƙasashe masu tasowa ma sun yi nasu karatun. Lokacin da aka buɗe COP26, waɗanda suka kammala rigakafi a Afirka ba su kai kashi 10 ba, alhali ƙasashe masu arziki sun fara allurar ƙari. Alkawarin Dala biliyan 100 a shekara na tallafin yanayi da ƙasashe masu arziki suka ɗaukar wa masu tasowa a Copenhagen a 2009 shi ma bai cika a 2020 ba. Wakilan waɗannan ƙasashe sun riƙa haɗa batutuwan biyu, suka matsa lamba, har taron COP27 na Sharm el-Sheikh a Masar ya amince a 2022 da kafa asusun biyan asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa.