Tauraron kwando ba ciyawar teku ba ne

Duk wanda ya ga hotonsa sai ya ce saiwar bishiya ce ko ciyawa da ruwa ya kwaso, amma wallahi dabba ce mai ci mai motsi. Kuma ba shi ne tauraron tekun nan da aka saba gani ba, dangi dai suke. Masana sun sa shi a rukunin Ophiuroidea tare da ƴan uwansa masu siraran hannuwa kamar wutsiyar maciji, nau'insu ya wuce 2,000.

Hannunsa biyar ne kacal daga tushe, sai kowanne ya rabu biyu ya sake rabuwa ya sake rabuwa har ya zama kamar kwando, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Da rana yana dunƙulewa, da daddare ya baje hannuwan nan inda ruwa ke gudu, ƙananan ƙugiyoyin jikinsu su kama ƴan halittun da ke shawagi, ya naɗe ya kai baki. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba shi da dubura, ta bakin yake fitar da ragowar abinci. In hannu ya gutsure kuma wani ke tsirowa.