Kanumfari yana kwantar da ciwon haƙori, amma ramin yana nan

Jama'ar Aboabo, Asawase da Sabon Zango, maganata a kan kanumfari ce, wanda muke saye a kasuwar Kejetia ta Kumasi mu jefa a koko da zoɓo.

Ƙamshin nan nasa mai ratsa hanci daga wani sinadari yake fitowa, ana kiransa yujinol. In an tatso man kanumfari, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari wannan sinadarin ne. Akwai shi a ganyen ɗoɗɗoya da na kirfa ma. Ba ya narkewa sosai a ruwa, a mai yake narkewa, shi ya sa da ya taɓa dasashi sai ya shige, ya kashe wa jijiya kaifi, zogin ya lafa. Kakanninmu da ke danna ƙwaya ɗaya a haƙori mai ciwo ba su yi kuskure ba. Likitocin haƙori ma suna kwaɓa shi da farar hodar zinki su toshe rami na ɗan lokaci. Ƙamshin da ke tarbar mutum a ɗakinsu ke nan.

Sai dai ruɓar da ta cinye haƙorin tana ci gaba da aikinta a ƙasa. Mutum ya yi ta dannawa har kumatu ya kumbura, ruwa ya taru, zazzaɓi ya shigo. Haƙorin da da cikewa kawai za a yi, sai a cire shi. Ciwo ya wuce kwana biyu, a je asibiti. Asibitin Komfo Anokye na da sashen haƙori.

Abin da ya fi damuna shi ne man kanumfari na kwalba. Zallarsa yana ƙona dasashi, sai ka ga wurin ya yi fari ya saɓule. Iyaye mata, don Allah kada a shafa wa jariri mai fitar da haƙori. Cokalin shayi ɗaya ko biyu, wato mililita 5 zuwa 10, in ƙaramin yaro ya sha, yana iya lalata masa hanta, ya jawo jijjiga da suma. Mai shan maganin tsinka jini shi ma ya nisance shi, domin yujinol yana rage daskarewar jini.

In yaro ya sha, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja. A ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti nan take, ko da yana wasa lafiya lau.