Farfelar jirgi ba fanka ba ce

Da yawa cikin masu sha'awar haɗa ƙaramin jirgin sama a gida suna ɗauka wai farfela fanka ce kawai, a samu falle, a ɗan karkata shi, inji ya juya da ƙarfi shikenan. Wallahi wannan tunanin ya sa injina masu kyau sun yi ta ƙara a ƙasa ba su tashi ba.

Farfela fiffike ce mai juyawa, fuskarta mai kallon gaban jirgi a kumbure, mai kallon baya kusan a shimfiɗe, kuma dole a murɗe ta, don bakinta ya fi gindinta gudu nesa ba kusa ba, shi ya sa kusa da gindi karkatar take da yawa, tana raguwa har zuwa baki, in ka yi ta bai ɗaya wani sashen yana ja wani yana birki. 'Yan uwan nan Wright na Amurka sun gane haka a 1903, da hannu suka sassaƙa farfela biyu daga katakon spruce da aka manne da gam, kowacce ƙafa 8 da rabi, injinsu mai ƙarfin doki 12 kacal, amma suka tashi.

Kuma ƙarin gudu ba shi ne ƙarin ƙarfi ba fa. Farfela mai ƙafa 6 a juyi 2,700 a minti, bakinta na tafiyar kusan mita 260 a daƙiƙa, in ya kusanci gudun sauti wajen 340 sai hayaniya ta ƙaru, jan ya ragu. Sannan a daidaita nauyin ɓangarorin biyu, don ƙaramin bambanci ma na girgiza inji har ƙusoshi su kwance.