Karatun Lauya

Karatun lauya shi ne horon da ake ba mai son zama lauya ko alƙali. Tun asali hanyoyi biyu ke ja-in-ja a cikinsa: koyon doka a aji a matsayin fannin ilimi, da koyonta a hannun gwani kamar kowace sana'a.

A Turai, birnin Bolona na Italiya ne ya yi fice a hanyar farko. Wajen ƙarshen ƙarni na 11 malamai irin su Irnerius suka shiga karantar da dokokin Rum waɗanda Sarki Justinian ya sa aka tattara a ƙarni na 6. Malami ya karanta nassi, ya yi sharhi a gefen shafi, ɗalibai su kwafa. Ingila kuwa ta bi hanya ta biyu. Lauyoyinta sun daɗe suna koyo a ƙungiyoyinsu na Landan, ta zaman kotu da gwajin muhawara. Sai a 1758 Jami'ar Oxford ta naɗa William Blackstone farfesan dokar Ingila na farko.

Babban sauyi ya zo a 1870, lokacin da Christopher Langdell ya zama shugaban makarantar lauyoyi ta Harvard a Amurka. Ya ajiye lacca da hadda. Sai a ba ɗalibi hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ya karanto, washegari malami ya tsare shi da tambayoyi: me ya faru, me alƙali ya dogara da shi, da an sauya hujja guda fa, hukuncin zai tsaya? Salon yana kaifafa tunani, amma ɗalibi kan kammala bai taɓa zama da mai ƙara ba. Kan haka ne wani masanin doka na Amurka, Jerome Frank, ya yi kira a 1933 da a koyar da lauya yadda ake koyar da likita a asibiti. Kiran bai samu karɓuwa sosai ba sai daga shekarun 1960, da makarantu suka buɗe ofisoshin da ɗalibai ke taimaka wa marasa galihu a ƙarƙashin kulawar malamai.

Har yanzu tsarin ƙasashe ya bambanta. A Amurka sai mai digiri ke shiga makarantar lauyoyi, ya yi shekara uku. A Jamus akwai jarrabawar gwamnati biyu, da horon aiki na shekara biyu a tsakaninsu. Japan ta kwaikwayi Amurka a 2004, makarantun lauyoyinta suka kai 74. Sai dai masu cin jarrabawar zama lauya ba su kai yadda aka yi tsammani ba, kuma daga 2011 aka buɗe wata jarrabawar share fage da ke ba mutum damar tsallake makarantar. Fiye da rabin makarantun sun daina ɗaukar ɗalibai.